Minti Goma Sha Ɗayan da Na Yanke

Hannunta ɗaya na shaƙe da wuyan rigata, ɗayan kuma ta ɗaga waya sama kamar mai neman sabis, wayar na ta waƙa da muryar wani tsoho da na sani sarai.

"Wa ya ba ka ubana?" ta ce. "Kai nake tambaya, ɗan nan. Wa ya ba ka ubana ka raba wa 'yan acaɓa?"

Na ce, "Mama, ni wallahi ban riƙe uban kowa ba."

"Ni ba mamarka ba ce. Malama ake ce mini."

"To Malama, ki ɗan sassauta, rigar ta aro ce."

Ba ta sassauta ba. 'Yar gajeruwa ce, da tabarau, da zanen zumuntar matan coci, amma hannun nan kamar na mai sussuka. Daga baya na ji ta fi shekara ashirin tana koyar da 'yan firamare a Samaru. Ka ga kuwa kama wuyan riga ai sana'arta ce.

Oga mai shagon yana tsaye a bakin ƙofa da rimot a hannu. Ibo ne, amma a Sabon Gari aka haife shi, Hausar bakinsa ta fi tawa gishiri. Na kalle shi ko zai cece ni. Ya ce, "Madam, don Allah in kashe shi za ki yi, ki ja shi waje. Gilashin nan sabo ne."

Bari in faɗi yadda aka yi na shiga hannunta.

Ni makaranta a aji huɗu na sakandare muka rabu, ba faɗa, kowa ya kama gabansa. Na yi kanikanci wata biyu, na yi gyaran waya har na kashe wayoyi uku, sannan Oga ya ajiye ni a ƙuryar shagonsa da kwamfuta ɗaya da fanka mai fiffike ɗaya a karye. Shi yana gaba yana sayar da eriya da rimot da wayar wuta. Ni aikina juye faifai. Mutum zai kawo tsohon bisidi, irin faifan da ake ɗaukar biki da suna a da, wanda ya fara tsalle yana maƙalewa, in kwashe shi a kwamfuta, in gyara, in ƙona masa a dibidi. Bisidi uku suna shiga dibidi ɗaya, har da sauran wuri. In faifan ya yi zane da yawa, man goge baki da gefen singileti, a murza a hankali daga tsakiya zuwa baki. Wannan ba a makaranta ake koyar da shi ba.

Abin da na gano a aikin nan shi ne, ba mai son bikinsa yadda aka yi shi. Kowa da "ɗan cire mini". Cire mini wurin da kawu ke zuba nama a aljihun babbar riga. Cire mini wannan mai jar hular, mun ɓata. Cire mini inda na yi rawa, yanzu na je Makka. Ni kuma in cire, amma ba na zubarwa. Na buɗe musu wuri guda a kwamfuta, na sa masa suna Shara. In an kawo wuta ba aiki, in buɗe Shara in sha dariya ni kaɗai. Wanda ya fi daɗi in yanko kaɗan in tura wa abokai ta bulutut, daga waya zuwa waya.

Sati uku kafin a kama ni, wani mutum ya zo, dogo, da farar shat a soke cikin wando, yana magana a hankali kamar kowace kalma sai ya wanke ta. Dattijon coci ne. Ya kawo bisidi uku na aurensa da aka yi a ƙauyensu can bayan Bomo. Za su yi sujadar godiya ta cika shekara goma sha biyar, za a nuna wa jama'a. Biyu suka juyu lafiya. Na ukun ya tsage daga tsakiya, sai da na yi yini ina lallashinsa kafin kwamfuta ta karanta shi sau ɗaya tak.

A na ukun ne tsohon yake. Ana cikin cin abinci, mawaƙan coci sun gama waƙa, sai ga wani tsoho ya shigo fili da ƙwaryar burkutu, ba takalmi, da wata riga da ta ga duniya. Ya tsiyaya kaɗan a ƙasa, ya kira iyayensa da kakanninsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran suna a aji, ya ce su zo su ga jikansu ya yi aure. Sannan ya kama waƙa, nan take yake ƙirƙira ta, wai ɗansa ya sa kwat da tsakar rana, an ɗaure masa wuya da igiya kamar akuyar da za a kai kasuwa. Yana waƙa yana rawa, ƙafa ɗaya a sama, burkutun ko ɗigo bai zube ba. Fasto yana gefe ya toshe baki da hankici, kafaɗunsa na rawa.

Dattijo ya sa yatsa a gilashin kwamfuta. "Daga nan," ya ce. Muka tafi, muka tafi. "Zuwa nan." Minti goma sha ɗaya.

Na ce, "Yallaɓai, ai nan ne bikin. Sauran duk cin shinkafa ne."

Ya ce, "Mahaifina ne. Bai karɓi bishara ba har ya rasu. Ba zan nuna wannan a gidan Ubangiji ba."

Na yanke. Ya karɓi dibidinsa, ya mai da bisidi biyu jaka, na ukun kuma ya ɗora a gwiwa ya karya shi biyu, ya jefa a kwatar ƙofar shago. Ni kuwa yana juya baya na tura tsohon Shara. Kafin la'asar na yanko daƙiƙa arba'in na waƙar kwat na tura wa wani abokina mai aski a Samaru. Daga shagon aski ta shiga wayoyin 'yan acaɓa, daga nan ɗalibai, har wani ya mai da ita ƙarar kira. Ta zaga ta zaga, sai ga wani malami a ofishin makarantarsu Malama ya miƙa mata waya yana dariya, wai zo ki ga wani tsohon Bamaguje. Ta ga ubanta. Ta je ta titsiye ƙaninta, wato Dattijo, shi kuma ya kwatanta mata shagonmu.

Shi ne fa take riƙe da ni.

Da hannunta ya gaji ta sake ni, ta zauna a kan kwalin sifika, ta cire tabarau ta goge da bakin zane. Waƙar ta ƙare ta sake farawa, ta kashe wayar.

"Ƙanina ya ce wannan guntu ne," ta ce. "Ya ce akwai dogo."

Na kama gyaran wuyan rigata.

"Ba na son a kama ka, ba na son a kore ka. Ka ba ni dogon. Duka. Hotonsa ɗaya muke da shi, na katin zaɓe, shi ma ruwa ya taɓa shi. Muryarsa kuwa tun da aka binne shi ban sake ji ba sai a wayar wancan sakaran."

A nan ne matsalar take. Don kuwa lokacin da ta shigo shago, tun tana gaba tana tambayar Oga ina mai yin faifai, na ji muryar tsohon daga wayarta na san ta ɓaci. Na danna Shara gaba ɗaya na goge, na bi kwandon kwamfutar shi ma na zazzage, don in an bincika a ga ba ni da komai. Aikin shekara biyu, daƙiƙa biyar. Har ina yaba wa kaina saurin hannu.

Na ce, "Malama, akwai 'yar matsala."

Da na gama bayani ba ta yi ihu ba. Kallona kawai ta yi ta saman tabarau, irin kallon da ya sa na bar makaranta.

Oga ya ce, "Kai dai an yi ɗan banza. Abin da aka ce ka zubar ka ɓoye, abin da ake nema ka zubar."

Na ce akwai manhajar da ke dawo da abin da aka goge. Na sa ta. Muka zauna mu uku muna kallon layi yana tafiya kamar bas ɗin da ba mai. Abubuwa suka fara dawowa. Kawu mai nama a aljihu ya dawo lafiya lau, har maiƙon. Mai jar hula ya dawo. Alhajin da ya yi rawa ya dawo sau biyu. Tsohon kuwa sunansa kawai ya dawo, in ka danna sai baƙin allo da wani ƙara kamar ana soya ƙwai.

Sai na tuna mai aski. Bayan guntun ya yi kasuwa, ya matsa mini in ba shi dogon don ya riƙa sa wa masu jiran layi, na zuba masa a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. Na kira shi, wayar a kashe. Na ce bari in yi maza in je Samaru in dawo.

Malama ta miƙe ta gyara zane. "Mu je."

"Ai da kin zauna, yanzu zan..."

"Na koyar da irinka sun fi ɗari. Mu je."

A bas ta sa ni ciki ta jikin taga, ita ta zauna ta baki, ta riƙe gefen rigata da yatsu biyu. Kwandasta ya ce, "Mama, ɗanki ne ya gudu daga makaranta?" Ta ce, "Da ɗana ne da tuni na mai da shi inda na samo shi." Motar duka aka yi dariya, har da ni, don ba yadda zan yi.

Mun wuce Kwangila ta fara magana, ba ni take kallo ba, bayan kan direba take kallo. Ta ce ita ce babba a gidansu, ita ta fara shiga coci tun tana makarantar horon malamai, ita ta ja ƙannenta. Ranar da aka yi mata baftisma uban ya ce ta zubar masa da mutunci a gaban mutane, ita kuma ta ce masa maganar da har yau ba ta iya maimaitawa. Daga nan sai gaisuwa daga nesa. Ranar auren ƙanin tana asibiti, haihuwa ta zo mata da gardama, ba ta je ba. Damina na zagayowa tsohon ya rasu. Duk lokacin da ta ce a sa mata faifan auren, sai ƙanin ya sa biyu ya ce na ukun ya lalace.

Ni dai tun da ta ce ita ce babba kuma malama, na gane ko wace ce. Don a ƙarshen minti goma sha ɗayan nan, bayan waƙa da rawa, akwai inda tsohon ya matso gaban kyamara har hancinsa ya cika allo, ya yi magana da babbar 'yarsa ta Samaru. Wurin ba abin dariya, shi ya sa ban taɓa tura wa kowa shi a guntu ba. Ashe ga mai saƙon a gefena tana riƙe da rigata, shekara goma sha biyar ba a kai mata ba. Na buɗe baki in faɗa mata, na ce a'a, bari ta ji daga bakinsa, ya fi.

Shagon mai askin yana bayan kasuwar Samaru. Mun same shi ya yi wa wani ɗalibi rabin kai, an ɗauke wuta, suna jiran a tada janareta.

"A'a, mutumina!" ya ce. "Ka kawo mana sabon tsoho ne?"

Na taka masa ƙafa. "Wannan 'yarsa ce."

Ya cire hula, ya mai da, ya sake cirewa. "Sannu da zuwa, Mama. Allah ya... wato, ya hanya?"

Na ce filas. Ya ce ai filas ƙwayar cutar kwamfuta ta cinye shi tun wancan satin, an wanke shi tas, yanzu bidiyon ƙwallo ne a ciki. Sai ya ce amma tsaya, kafin nan ya taɓa sa wani ɗalibi ya matse masa shi ya zuba a memorin waya, don ya nuna wa tsohuwarsa a gida. Ya jawo wata 'yar waya daga aljihun tebur, fuskarta a fashe, an naɗe bayanta da salatif. Ya lalubo, ya miƙa wa Malama da hannu biyu.

Allon bai fi akwatin ashana ba. Tsohon ya zama wasu 'yan murabba'ai masu motsi, in ya juya da sauri sai fuskar ta narke ta sake haɗuwa. Amma muryar tana nan garau. Malama ta zauna a bencin masu jira ta kai wayar kusa da tabarau. Da ya fara kiran kakanni, sai na ga leɓenta yana bin sunayen, tana riga shi faɗa. Da ya kama waƙar kwat ta yi wata dariya ta hanci, hawaye na bin gefen tabarau. Ɗalibin mai rabin kai ya ce, "Wai don Allah miye ke faruwa ne?" Mai aski ya juya masa kai ya fuskanci bango.

Ni ba allon nake kallo ba, lambobin ƙasa nake kallo. Na ga inda aka rubuta tsawon abin: minti tara da 'yan daƙiƙai. Na matsa kusa da mai aski na ce, "Ina sauran?" Ya raɗa mini, "Memorin ne ya cika. Ai ƙarshen ba daɗi, surutu ne kawai."

A minti na tara tsohon ya gama rawa, ya miƙa wa wani ƙwaryar, ya juyo yana tahowa wajen kyamara. Taku ɗaya, taku biyu. Hoton ya tsaya cak.

Malama ta ɗago. "Ya ƙare?"

Ga mai aski, ga ɗalibi, ga mai janareta ya leƙo. Ga hannun nan nata a kan cinya. Na ce, "Ya ƙare, Malama. Nan ne ƙarshe."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Kamar zai zo ya ce wani abu."

Na ce, "Wajen abinci ya nufa."

Washegari na ƙona mata minti taran a dibidi, na gyara hasken iya yadda zai gyaru, na sa a kwali mai kyau. Ta zo ta karɓa, ta ba ni lambarta ta ce in wani ya sake turo guntun in gaya masa mai shi yana da 'ya'ya. Har ta ce Allah ya yi mini albarka, abin da ya fi shaƙar wuyan ciwo. Na koma na bi kwamfutar ciki da waje, na tambayi ɗalibin da ya matse faifan, na leƙa har kwatar ƙofar shago ko rabin bisidin na nan. Ba komai. Minti biyun nan ba su a ko'ina a duniya sai a kaina, kan da ko jadawalin lissafin sau bakwai bai riƙe ba.

Kwana huɗu ina juya abin. In je in same ta, ina tsoron fuskarta. In kira, na san muryata za ta sake yin ƙarya. Ranar Litinin da hantsi, an ɗauke wuta, Oga ya tafi sallamar wani mai eriya, na zauna a kan kwalin sifika na rubuta mata tes. Sai da ya rabu gida shida kafin ya tafi.

"Malama ina kwana. Ni ne mai faifai na Sabon Gari. Ƙarya na yi miki, bai ƙare a nan ba, saura minti biyu kuma sun ɓata, ni na ɓatar. Ba wajen abinci ya nufa ba, wajenki ya zo. Zan faɗa miki yadda ya faɗa, ban ƙara ba, in na rage mantuwa ce. Ya tambayi mai kyamara, wannan abin naka yana kai saƙo Samaru? Aka ce yana kaiwa. Ya kira sunanki sau biyu. Ya ce a gaya wa babbar 'yata malamar makaranta, duk karatunta har yau tuwonta gudaji ne. Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce na ajiye miki zabi biyu, ki zo ki ɗauka kafin ƙannenki su cinye. Ya share hanci. Sai ya ce, maganar da muka yi ranar nan, ni na zubar da ita tuntuni. Allahnki da nawa su sasanta tsakaninsu, ni da ke ba mu da faɗa. Ya ce ki zo gida. Daga nan ya tambayi mai kyamara ko an biya shi ko shi ma shinkafa ya zo ci, aka ja shi gefe. Shi ke nan wallahi. In kina so in faɗa miki da baki ina shago kullum ban da lokacin Juma'a. In dukana za ki yi ki bari sai Oga ya fita, saboda gilashinsa."